Waƙar da Ta Kori NyaHarawa

NyaLuhanga tana ɓarar wake a gindin mangwaro lokacin da jikarta Walinase ta iso daga Mzuzu, tare da wani mutum mai tumbi sanye da rigar atamfa irin ta masu zuwa taro. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da Agogo, wato kaka a harshensu. Mutumin ya tsuguna rabi da rabi don kada wandonsa ya taɓa ƙasa.

"Agogo, wannan shi ne Mista Kalua, shugaban gasar waƙoƙin gargajiya da na gaya miki. Ran Lahadi za a yi ta ƙarshe, kai tsaye a rediyo. Ni ce ta uku a fitowa."

"Ina jitar taki?"

"Na ajiye ta."

"To madalla. Maƙwabtanki sun huta."

Mista Kalua ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar, ya ja kujera ya fara bayani. Wai tun zamanin Turawa wani Bature ya zaga ƙauyukan Rumphi da na'urar ɗaukar murya, ya kwashe waƙoƙi ya tafi da su, suka yi shekara sittin a kulle a wata jami'a can ƙetare. Yanzu an dawo da su, kuma daga cikinsu kowane ɗan gasa zai zaɓi tasa.

"Yaran yanzu, Amama, kowa ya tashi sai ya ƙago waƙarsa, daga soyayya sai mota. Na ce musu a'a. Da tsohuwar zuma ake magani. Yadda kakanni suka bar waƙa haka za a rera ta, ba ƙari ba ragi. Wanda ya canza kalma ɗaya ya faɗi."

Shekara talatin da ɗaya NyaLuhanga ta yi tana koyarwa a firamare, ta kuwa ga maza da yawa masu maganar kakanni kamar jiya suka sha giya tare. Ta dubi hannuwansa. Wannan tafin bai taɓa yin kanta da taɓarya ba.

"Saurari wadda na zaɓa, Agogo," in ji Walinase. "Ko kin taɓa jin ta wurin tsofaffi."

Ta danna wayarta. Da farko ƙara ce kawai kamar ana suyar gyaɗa. Sai lugude ya shigo, taɓarya biyu suna karɓa wa juna, sannan muryar wata yarinya, siririya, cike da jin kanta:

NyaHarawa mai dogon hannu,
Rumbunmu ya san sawunki.
Ɓera ya rantse ba shi ba ne,
Gara ta ce itace take ci.
To wa ya rage? NyaHarawa.

Mata suka amsa sunan, wata ta kece da dariya can baya.

NyaLuhanga ta ji yawu ya taru mata a baki, kamar wadda ta buɗe tukunyar kifin da ya kwana uku. Ta san dariyar, ta innarta ce. Ta san turmin, wanda ya tsage a gefe aka ɗaure shi da fata. Ta juya ta tofar a gindin bishiya.

Mista Kalua ya zaro wata takarda ya karanta abin da Baturen ya rubuta: tsohuwar waƙar daka, ba a san mai ita ba, tana gargaɗi a kan sata. Ya ɗaga yatsa.

"Kin ga hikimar mutanen da. NyaHarawan nan ba wata mace ba ce, alama ce. Kwaɗayi ne aka sa wa suna."

"Alamar tana ɗingishi da ƙafar hagu," in ji NyaLuhanga. "Tana kuma da 'ya. Ni ce nake rerawar nan. Ni na ƙaga ta, ina da shekara goma sha shida, kuma ranar da Baturen ya zo waƙar ba ta kai wata biyu ba."

Ta ture faifan waken gefe ta ba su labarin, ba tare da ta sa masa gishiri ba.

A wannan shekarar ruwa ya yi gardama, masara ta yi ƙaranci, kowane gida ya san yawan abin da ke rumbunsa. Nasu ya riƙa raguwa. Ta san mai ɗiba: wanta ne, yana sayarwa a ɓoye don ya tara kuɗin tafiya haƙar ma'adinai a kudu. Ta gan shi da idonta. Amma ba a sa sunan ɗan'uwa a turmi, kuma "wana" ba ya hawa lugude. Sunan NyaHarawa kuwa yana hawa kamar don shi aka sassaƙa taɓarya. Bazawara ce baƙuwa, mijinta ya mutu ya bar ta a ƙauyen da 'yarta Esnati, ba ta da wani namiji da zai tsaya mata.

A lokacin ba a ɗauki abin da zafi ba, don turmi yana da dokarsa. Abin da mace ta faɗa tana daka ba a kai shi gaban dagaci, maza kuma in sun wuce sai su yi kamar kurame. Wadda aka sa a waƙa takan jira ranar dakanta ta mayar da martani, a yi dariya, gari ya yi laushi, magana ta bi dusa. Mako mai zuwa wata ta ɗauki karin ta cire sunan ta sa na surukarta. Haka waƙoƙin suke rayuwa, haka suke mutuwa.

Sai Baturen ya zo da motarsa. Ya ce tsofaffin waƙoƙi yake so, ba sababbi ba. Tafintansa ya ga wannan ce ta fi daɗi, ya ce masa ai wannan ta girmi kakan dagaci. Da aka gama ɗauka, Baturen ya so ya faranta musu rai, ya ɗora lasifika a kan mota ya sako ta a dandali, gaban dagaci da dattawa da malamin coci. Sunan ya fito daga bakin ƙarfe, da ƙarfin da har a rafi an ji. Daga ranar maganar ta tashi daga ta turmi. Maza sun ji ta a fili, ba su da sauran damar yin kurumta. Ba wanda ya kira shari'a, ba wanda ya daki kowa. An dai daina ba NyaHarawa aron rariya, in ta doso a jawo kwando kusa. Kafin damina ta ɗaure kayanta ta kama hannun 'yarta suka ƙetare kogi.

"Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya," in ji NyaLuhanga. "Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin ƙaryar da aka sa wa kari mai daɗi ba."

Ta zaci mutumin zai sunkuyar da kai. Sai ta ga fuskarsa ta washe.

"Amama, kin san abin da kika faɗa kuwa? Mai muryar tana raye. Kaka ta rera, jika ta gada. Dole ki hau dandamali ran Lahadi, mu sa miki zane na da, mu ajiye turmi a gabanki."

"Ka ajiye wa uwarka. Abin da nake so ɗaya ne, a cire sunan. Esnati tana nan a raye a ƙetaren kogi, idonta ya mutu, rediyo ne abokin zamanta daga safe har yamma."

Ya gyara zama, murya ta koma irin wadda ake lallashin mara lafiya da ita.

"Shekaru suna haɗa abubuwa a kai, Amama. Mai yiwuwa kin ji ta wurin manya kika ɗauka taki ce. Takarda ta ce tsohuwa ce."

"Yanzun nan ni ce taska, yanzu kuma na zama mai ruɗewa. Zaɓi ɗaya."

"Ko da ke kika yi ta, ta fi ƙarfinki yanzu. Ta zama ta al'umma. In na bar wannan ta cire suna, gobe wani ya sa jita, jibi ba sauran abin da za mu nuna wa duniya."

Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe da saurin wanda aka cece shi, ya nufi wajen mota. Aka bar kaka da jika.

"Sa wani suna," in ji NyaLuhanga. "Haka ake yi tun asali. Ba ki da wanda ya ɓata miki rai? Mai gidan hayarki, ko saurayin nan mai kunnuwa. Sa na wannan mai tumbin ma, yana hawa kari."

"Za su fitar da ni."

"To rera taki. Wadda kika yi a kan matan da ke sayar da tumatir a tasha ba ta da laifi, in aka cire ihun."

"Kin taɓa gaya mini haka?" Walinase ta ɗago kai. "Shekara biyar ina rera nawa, Agogo. Mutane suna cin abinci suna hira a kaina. A ce ina kwaikwayon 'yan Zambiya, a ce ina kwaikwayon coci. Ranar da na rera wannan a zagayen farko, ko tari ba wanda ya yi. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana kuka, wai na tuna mata da uwarta."

"Uwarta ma wataƙila maƙaryaciya ce."

"Kuma wa ya hana mu sanin yadda ake yi tun asali? Ke ce. Da muna yara in mun ja waƙar daka sai ki ce ta jahilai ce, ki miƙo littafin waƙoƙin coci. Masara kuwa inji kike aika mu. Sai da Bature ya ajiye mana sannan muka samu. Yanzu na samu guda ɗaya, kin ce in yar."

Wannan ta shiga, don gaskiya ce. NyaLuhanga ta rufe bakin turmi a gidanta shekara da shekaru, ta bar mutane suna cewa ilimi ne ya sa.

"Ban ce ki yar ba. Na ce akwai mutum a ciki."

"Matar ta mutu tun ban zo duniya ba. Wa zai san ita ce?"

"Mutum ɗaya."

Walinase ta juya wayar a hannunta. Sannan ta durƙusa ta yi sallama da ladabin da ba abin da za a kushe a cikinsa, ta bi Mista Kalua. NyaLuhanga ta bi bayanta da kallo. Muryar ba ita kaɗai yarinyar ta gada ba. Ta gaji har da sanin cewa in waƙa ta yi daɗi, sauran duk mai sauƙi ne.

Kwana huɗun da suka rage ta yi su abinci ba ya mata daɗi. Ta kira yarinyar sau biyu, ba a ɗauka ba. Ta yi tunanin rubuta wa gidan rediyon wasiƙa, ta ga ba za ta isa ba, in ma ta isa wani Kalua ne zai buɗe ta. Ran Lahadi da aka tashi daga coci ba ta koma gida ba. Ta hau ƙaramar bas zuwa gada, ta ƙarasa sauran da ƙafa tana dogara sanda, tana hutawa a kowace inuwa.

Ba wai ba su taɓa haɗuwa da Esnati ba. Shekara sittin suna gamuwa a jana'iza da taron matan coci, su gaisa gaisuwa cikakkiya, a tambayi yara, a tambayi ƙafa da baya, kowa ta kama gabanta. Gidanta ne dai ba ta taɓa takawa ba.

Ta same ta a kan tabarma a bakin ɗaki, siririyar tsohuwa mai fararen idanu, rediyo a jingine da cinyarta, tana tsinke ganyen kabewa da lalube. Tuni an fara gasar, wani saurayi yana rera waƙar farauta da muryar wanda bai taɓa korar ko zomo ba.

NyaLuhanga ta yi sallama ta faɗi ko ita wace ce.

"Tamala," in ji Esnati. Sunan NyaLuhanga ne na yarinta, wanda rabon da wani ya kira ta da shi tun kafin ta yi aure. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To zauna. Ga tabarma, kujerar ta karye."

Ta zauna da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Ta shirya maganar tun a bas, da farkonta da ƙarshenta, kamar darasi. Abin da ya fito guntu ne.

"Jikata za ta rera wata waƙa yanzu. Da sunan mahaifiyarki a ciki. Na zo in ce ki kashe rediyon. Na kuma zo in gaya miki ni na ƙaga ta, kuma ƙarya ce. Wana ne yake ɗibar masarar."

Esnati ba ta daina tsinkar ganyen ba.

"Wannan ne ya taso ki tun daga can da wannan ƙafar? Ina bayanki ranar da kika fara ta, Tamala. Ni nake miƙo muku ruwan surfe. Wan naki kuwa ta bayan ɗakinmu yake wucewa da buhu."

"Kun sani, ba ku faɗa ba?"

"Mu faɗa wa wa? Ƙarfe ya riga ya yi magana." Ta karkaɗe hannu. "Tun mako biyu nake jin suna tallar gasar, har da guntun muryarki. Na ce ashe Baturen nan bai yar da sharar tasa ba."

"Kashe shi, don Allah."

"Rediyona ne. Batir ɗina ne."

Aka sanar da Walinase. Mista Kalua da kansa ya gabatar da ita, ya ce waƙa ce da ta fito daga zurfin zamani, daga bakin iyayen da ba a san sunansu ba. Esnati ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sai lugude ya tashi, mai tsabta, daidai wa daida, irin na turmin da ba komai a cikinsa. NyaLuhanga ta riƙe sandarta da hannu biyu. Har zuwa baiti na farko tana da sauran zato, ko yarinyar za ta haɗiye sunan, ko ta yi tari a kansa.

Ba ta haɗiye ba. Ta fito da shi tas, ta ja shi, ta lanƙwasa ƙarshensa yadda kakarta ta yi, har da ɗan karyewar muryar da a wancan lokacin mura ce ta jawo ta. 'Yan amshi suka karɓa. An ma sa wata ta yi dariyar nan ta baya, a daidai wurinta. Da aka gama, tafi ya cika rediyon kamar ruwan sama a kan kwano.

Esnati ta rage murya.

"Ta fi ki murya," ta ce. "Sau uku ta kira ta. Ke sau biyar kike kira. Akwai baitin ƙafa, wanda kike kwaikwayon tafiyarta. Ina ya tafi?"

"Zaren na'urar ya ƙare kafin nan."

"Ashe. To kada ki gaya musu, su dawo nema."

NyaLuhanga ta rasa inda za ta sa idonta. Ba kuka take ji ba. Ƙyama ce, ta mai tumbi da takardarsa, ta masu tafin da ba su tambayi ko wace ce ake zagi ba, ta jikarta, sannan mafi yawa ta yarinyar nan mai shekara goma sha shida wadda, in za a faɗi gaskiya, har yanzu wani lungu na zuciyarta ya ji daɗin yadda baitin ɓera ya zauna.

"Na zo in nemi gafara," ta ce.

"Wadda za ki nema wurinta tana bayan cocin can, shekara ashirin da shida ke nan. Ni ba ta bar mini wannan a gado ba." Esnati ta ture kwanon ganyen. "Abin da ta bar mini daban ne. Kin san ba ta samu ranar dakanta ba. Kun sa ta a waƙa, kafin ta rama kuka tashi dokar. Sai da muka zo nan ta yi tata. Kullum ta ɗauki taɓarya sai ta rera ta, har ƙarfinta ya ƙare. Nan dai ba Baturen da ya biyo da mota."

"Akwai amsa?"

"Baiti tara. Sunanki a kowanne."

Ta lalubo wani ɗan turmin dakan gyaɗa a bayanta, ta jawo shi tsakanin ƙafafunta, ta zuba gyaɗar miyar da ke jira a kwano.

"Ki gaya wa jikar taki, in tsohon abu take nema, ta zo. Wannan ma ta kai shekara sittin, kuma ni ba zan hana ta canza abin da ta ga dama ba, ban da sunan. Amma ke za ki fara ji. Gyara zama, Tamala, da tsawo."

Ta ɗaga 'yar taɓaryar ta sauke, ta sake, har bugun ya daidaita. Muryar ta fito a dushe, ba daɗi, tana rawa:

'Yar Luhanga mai zaƙin baki,
Gurguwa ce ta hau rumbu,
Masu ƙafa biyu suna barci?
Tambayi wanki wa ya kai shi kudu.

Matan maƙwabta biyu suka leƙo ta kan danga jin ana daka da waƙa, abin da suka daɗe ba su ji ba. Ɗaya ta ce wa ɗayar ta matso. NyaLuhanga ta ga suna kallonta, ta ga sun fara gane wadda ake nufi. Sandarta tana kusa, hanya a buɗe. Ta miƙe ƙafafunta a kan tabarmar, ta ajiye sandar a gefe.

"Ɗaga murya," ta ce. "Kunnena na hagu ba ya ji."